Ni na ba mijin ƙanwata ledar da ta ɓata masa fataka

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah a sakaya sunana, a Daura nake kuma mun san juna da yawa. Shawara nake nema, jibi za a zauna a kan maganar, ni kuwa har yanzu ban san me zan faɗa ba.

Ni mai gyaran agogo ne a kasuwa, amma abin da ya fi cin raina shi ne tara tsofaffin kuɗi. Anini mai huji, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, har da na Faransa da nake samu wajen mutanen da ke shigowa ta iyakar Kongolam. Shekara goma sha ɗaya ina wannan abin, mutane na ce min mai tara tarkace ban damu ba. Kowane ɗaya da gidansa na roba mai tauri mai murfi, kamar gilashin agogo. Duk Juma'a da hantsi nakan fito da su in goge robar da ƙyallen tabarau, ban taɓa kama fuskar kuɗi da yatsa ba sai gefe, cikin akwatin da nake ajiye su kuma ina zuba 'yan ƙullin nan da ke zuwa a kwalin takalmi saboda laima. Abu ɗaya ne ya gagare ni, fataka, wato sule biyu, ta azurfa mai bishiya a bayanta, wadda ba a huda ba. Iyayenmu mata sun huda su sun yi sarƙa, maƙera sun narka sauran sun yi zobe, duk wadda na gani sai in tarar da huji ko ta suɗe.

Akwai mijin ƙanwata, bari in kira shi Habu, ita kuma in kira ta Binta, 'ya'yansu biyu. Habu yana zuwa shagona hira, yana ganin ina jujjuya kuɗin nan har abin ya shiga ransa. Ni na koya masa komai, wallahi lokacin da ya fara ko taro da sisi ba ya bambancewa. Ni na ba shi kwabonsa na farko, ni na sa shi a guruf ɗinmu na masu tarawa. Bai fi wata takwas da farawa ba kakarsa ta rasu a wani ƙauye wajen Baure, ana kwashe kayan ɗakinta aka samu wani ƙullin tsumma a ƙasan adudu, aka miƙa masa tunda an san shi ke son irin waɗannan. Fataka ce. Babu huji, babu ƙwarzane, kamar jiya aka buga ta.

Da ya kawo min na sa madubin aikina a ido na duba, bakina yana cewa masha Allah amma a raina ba haka ba ne. Hassada ce, ba zan canza mata suna ba. Ya sa hotonta a guruf, mutanen da na shekara goma ina gaisawa da su ba su taɓa yaba nawa haka ba, sai ga shi har daga Kano ana kiransa a waya ana tambayarsa ra'ayinsa a kan kuɗi. Habu fa, wanda jiya-jiya ya so ya wanke kwabo da toka da lemun tsami na hana shi. In ya zo shago ya fara min bayani sai in ji kamar in rufe in tafi gida.

To ranar da ya zo neman gidan da zai sa ta ne na yi abin da na yi. A durowata akwai gidajen roba masu tauri guda huɗu, sabbi fil. A bayansu kuma akwai wani gwangwani da na tara 'yan ledoji masu taushi, irin masu aljihu biyu, waɗanda na daina amfani da su tuntuni. Ledar nan in zafi ya buge ta laima ta shiga, wani maiƙo take fitarwa ya manne wa kuɗi ya zama kore ya ci fuskarsa, ta taɓa ɓata min kwabo uku shi ya sa na sani. Na ce masa masu taurin sun ƙare, na buɗe gwangwani na ba shi leda, har na nuna masa yadda zai danne bakinta kada iska ta shiga. Ya yi ta godiya, wai Allah ya bar zumunci Yaya.

A raina na ce kwana biyu ne zan karɓa in canza masa. Bazara ta wuce ban canza ba, damina ta sauka ban canza ba. Akwai ranar da na je gidansu ya fito min da ita, na hango ɗan ɗigon kore a gindin bishiyar, ƙarami, wanda sai mai ido irin namu zai gani. Ya tambaye ni ya na gan ta, na ce lafiya lau take. Na sha kunun da Binta ta dama min na hau babur na tafi.

Sati uku da suka wuce ya yi baƙo yana son ya nuna masa fatakar, ya buɗe ya tarar kore ya cinye rabin bishiyar, ledar ta manne sai da ya ɓamɓare ta. Dama a tsakiyar damina rufin ɗakinsu ya yi yoyo, Binta ta sauke akwatin kuɗinsa daga saman wadrob ta tura ƙarƙashin gado don kada ruwa ya taɓa shi, kuma ba ta gaya masa ba sai daga baya. Shi ke nan ya ce ita ce, ta kai masa abin kakarsa ƙasa sanyi ya kama shi. Ta ce taimako ta yi, ya ce dama ta tsani kayan, ta ce ai ya fi son ƙarfe da mutane, magana ta yi tsawo har ya gaya mata abin da ba zan iya rubutawa ba. Ta kwashi yara ta taho gidanmu, yau kwana goma sha tara ko waya ba sa yi.

Baffanmu ya sa a zauna jibi a sasanta. Habu ya ce shi ba zai yarda da maganar kowa ba sai tawa, a kira ni in duba fatakar a gaban kowa in faɗi abin da ya ɓata ta, in na ce laimar ƙasa ce to Binta ta ba shi haƙuri a gaban manya, in ba haka ba shi zai bayar. Ita kuma ta rantse ba za ta ba da haƙurin abin da ba ta yi ba ko da auren zai mutu, kuma na san halinta, za ta aikata.

Na yi tunanin in ce ledar ce amma ban sani ba. Ba zai yiwu ba, shekara uku da suka wuce ni da bakina na yi dogon bayani a guruf ina gargaɗin mutane a kan ledar nan, kafin Habu ya shiga. Ranar da ya ba da labari a guruf wani zai tuna ya gaya masa. Idan na ɗora wa laima, na tsira amma na zalunci ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Idan na faɗi gaskiya, Habu ba zai ƙara kallona da mutunci ba, kuma ina tsoron ya huce a kanta tunda ni yayanta ne. Abin da ya fi ba ni kunya, da ya turo min hoton fatakar da koren nan, kafin tausayi ya zo sai da na ji wani sanyi a raina. Na yi istigfari amma na ji shi.

Ɗazu da safe na shiga gaida Inna na tarar da Binta tana shirya yara makaranta, ta rame. Ta biyo ni har zaure ta ce, "Yaya ni hankalina kwance yake tunda kai za ka duba. Ka faɗi gaskiya kawai, ko ni ce ka ce ni ce, daga bakinka zan yarda."

Na ce mata to, na kasa ɗaga ido. Don Allah ku ba ni shawara, in je in sami Habu shi kaɗai gobe in gaya masa, ko in fara gaya wa Baffa, ko in bari sai an zauna in faɗa a gaban kowa? Masu zagi ku zaga na cancanta, amma ku haɗa da yadda zan yi yarinyar nan ta koma ɗakinta ba tare da ta durƙusa a kan laifina ba.