Tallan Shayi a Tsakar Gidanmu

Daura, Talata.

Zuwa ga Yaya Maimuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya zafin Kaduna?

Yaya, yau ina Daura. Kamfanin tallan da makaranta ta tura ni koyon aiki ne ya zo ɗaukar tallan ganyen shayi. Abin da nake koyo shi ne tsara duk abin da ido zai gani a hoto: launin bango, zanen da uwa za ta ɗaura, inda za a ajiye buta. Oga Musaddiq ya ce wannan karon ni zan tsara, kuma da shi zai yanke ko za su riƙe ni bayan na gama karatu.

Muna masauki. Abokan aikina sun tafi ganin rijiyar Kusugu, ni na zauna a ɗaki. A garinmu nake, amma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Sun zagaya har Sandamu neman gidan da za a ɗauki tallan, ba su sami wanda ya yi musu ba. Sai bakina ya suɓuce na ce akwai namu, a rufe tun rasuwar Inna. Ban ba su mabuɗi ba tukuna. Ki kira ni, in kin ce a'a, shi ke nan.

Taki,
Khairunnisa.

Daura, Asabar.

Yaya Maimuna,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na gode da kika yarda, ko da yake na ji muryarki ta canja.

Ni na share gidan. Na sa aka shafa wa bango jar ƙasa, na fito da kwanukan Inna, na jera su yadda take jerawa. Aka kawo wata 'yar wasa daga Kano a matsayin uwa, da yara uku na haya. Na ɗaura mata ɗankwali, na nuna mata inda hasken safe yake sauka. Da ta zauna ta fara zuba shayi, yaran suna dariya, sai na koma bayan rumbu don kada a ga fuskata.

Oga ya ce bai taɓa ganin gidan talla mai rai kamar wannan ba, ya ce in ɗauka na sami aiki. Na yi godiya. Kafin la'asar sun naɗe wayoyinsu sun tafi, suka bar ni in rufe.

Ina wanke kofuna Iya Shatu maƙwabciyarmu ta yi sallama, tana dogara sanda. Idonta ya yi rauni sosai. Ta ce ta ji hayaniyar yara ta katanga, ta san kin dawo da jikokin Inna, har ta soyo musu gyaɗa. Na gaya mata wasa ne, na talla. Sai ta tambaye ni yaran na waye. Yaya, ko sunansu ban sani ba.

Ta miƙo mini gyaɗar, muka zauna muka ci tare har aka kira magariba.

Litinin zan koma Kano. Na yi wa Iya Shatu alkawarin za ki kawo yaranki hutun nan. Ban shawarce ki ba, ki yafe mini, amma don Allah kada ki sa na yi mata ƙarya.

Ƙanwarki,
Khairunnisa.