Ta Ce Da Sauƙi, Muka Tashi Muka Tafi

Cikin alhini, da kuma kunyar da ba mu da inda za mu ɓoye ta, Ƙungiyar Lauyoyi Masu Kare Haƙƙin Majinyata ta samu labarin rasuwar uwa kuma jagora a gare mu, Babbar Lauya, Shugabar Kwamitin Amintattu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, wadda babba da yaro a ofishinmu ba su kiran ta da wani suna sai Yaya Babba. Rai ya yi halinsa ne a gadon asibiti, bayan tiyatar da aka yi mata a ciki. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayiyar ta soma wannan aiki ne a ɗaki guda a saman wani kantin magani, da benci biyu da fankar da ƙararta ta fi iskarta, a lokacin da duk wanda sakacin asibiti ya nakasa ba ya samun komai sai a ce masa ƙaddara ce. Ita ce ta tsaya wa kafintan da aka ɗaure wa karaya tamau har hannunsa ya ruɓe, ita ce kuma ta bi haƙƙin maijegon da aka ƙara wa jinin da bai dace da nata ba, har kotu ta share wa marayunta hawaye. Duk da haka ba ta taɓa ɗaukar likita abokin gaba ba, domin sau da dama ta sallami masu ƙara da hannunta idan ta ga ba sakaci aka yi ba, kwana ne ya ƙare.

Babu lauyan da ya zauna a ƙarƙashinta da bai haddace karatunta guda ɗaya ba. Takan ce: “Mutanenmu ko rai na fita, ka ce musu ya jiki, da sauƙi za su ce. Wannan gaisuwa ce, ba amsa ba. Ku ja kujera ku zauna, ku sake tambaya.” Idan sabon lauya ya dawo daga duba majinyaci ya ce ai ya ce da sauƙi, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce takalminsa kawai ya wahalar, ta nuna masa ƙofa ya koma.

Wajibi ne mu faɗa wa jama'a abin da ya faru, ko da yake faɗinsa ya fi mana komai nauyi. Bayan tiyatar, tawagar shugabanninmu, ciki har da Mai Girma Shugaban Ƙungiya, da Babban Sakatare, da mai sa hannu a wannan sanarwa, ta je dubiya. Mun same ta idanu a rufe, leɓunanta sun bushe, cikinta ya ɗago zanin rufa, robar ƙarin ruwa kuma ta ƙare tana reto babu wanda ya sauya ta. Muka ce Yaya Babba, ya jiki. Ta ce da sauƙi. Muka ce Allah Ya ƙara sauƙi, muka ajiye ledar lemu, muka miƙe. Akwai kujeru a ɗakin, babu wanda ya ja ko ɗaya.

Babbar ɗiyar marigayiyar, malamar makaranta, wadda ke jinyarta, ta biyo mu har baranda ta tare Shugaba ta ce: “Kawu, tun da aka fito da ita likitan bai leƙo ba, kuma zazzaɓin ƙaruwa yake yi. Ku da ake jin maganarku, ku yi magana.” Amsar da muka ba ta ita ce ta yi haƙuri, likitoci sun san aikinsu. Mun ji nauyin tayar da jijiyar wuya a asibitin da muke gaisawa da manyansa, muka bar kara ta rufe mana baki. Da aka sake buɗe cikin, an tarar da audugar tiyata da aka manta a ciki, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ba za mu riga kotu yanke hukunci a kan kowa ba, amma namu hukuncin mun san shi. Mu da muke tsare shaidu muna tambayar su me suka gani, me kuma suka yi, mun gani da idanunmu, ba mu yi komai ba.

A madadin Shugaba, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'ya'yan marigayiyar, jikokinta, ƙannenta da dubban majinyatan da ta tsaya wa. Allah Ya jiƙan ta, Ya gafarta mata, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinta. Muna roƙon Allah Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi, daga wajenSa, domin mu kam ba mu da fuskar sake ce wa ɗiyarta ta yi haƙuri.

A ƙarshe, muna sanar da jama'a cewa iyalan sun yanke shawarar shigar da ƙara, kuma da muka nemi su bar mana shari'ar, ɗiyar marigayiyar ta ƙi, ta ɗauki lauya daga waje. Gaskiyarta ce, kuma ba mu ja da ita ba. Abu ɗaya ta nema a wajenmu, mun kuma amince: duk wanda ya shiga ɗakin nan ranar dubiya zai tuɓe rigar lauya ya shiga akwatin shaida, ya rantse, ya faɗa wa alƙali abin da ya gani a kan gadon, da abin da yarinyar nan ta roƙe mu a baranda, da amsar da muka ba ta.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Lauyoyi Masu Kare Haƙƙin Majinyata.