Wa Ke Tambayar Umma?

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya dafa maka a wurin aiki. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago. Yaya kuwa an ƙara masa girma a ofis, yanzu ko gaisuwa sai mun nemi izini. Kaka tana nan yadda ka sani, yau ta gane mu, gobe ta tambaye mu 'ya'yan waye.

Kullum kana tsokanata a waya, wai yaushe zan fara karanta zuciyar mutane. Kawu, ga ni a shekarar ƙarshe ta ilimin halayyar ɗan Adam, ban ga ajin da ake koyar da hakan ba. Abin da na tarar shi ne darasin ƙididdiga, wanda ya kayar da ni sai da na maimaita, ga shi ba a barin mutum ya shiga ajin dabarun bincike sai ya ci shi. Na haddace sassan ƙwaƙwalwa kamar mai shirin zama likita, na karanta yadda yaro ke koyon magana da yadda tsufa ke taɓa tunani. Saura abu biyu: zaman sanin makamar aiki, da binciken kammala digiri. Na farkon ne ya sa na ɗauki biro, don maganar ta fi ƙarfin waya.

An tura ni wani asibiti, sashen tsofaffi masu ciwon mantuwa. Nawa saurare ne kawai, ba ni da ikon ba da shawara. Akwai wani ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, inda masu jinya kan taru da malamar da ke kula da aikina. Ran nan wata mai sayar da yadi, wadda ke jinyar mahaifinta, ta ce duk wanda ya kira waya jikin tsoho yake tambaya, ita kuwa ta manta rabon da a tambaye ta ko ta yi barci. Tana faɗa tana dariya, tana gyara ɗankwali. Dariyar ce ta tsaya mini a rai, don na san ta. Irinta Umma ke yi idan Kaka ta zarge ta da sace mata ɗan kunne a gaban baƙi.

Da na dawo gida na tarar da Umma tana ninke zannuwan gadon Kaka da ta sake wankewa. Na kama mata gefe guda, na tambaye ta ita fa, yaya take. Ta ce lallai karatu ya fara taɓa ni. Na ci gaba da ninki ina jiran ta kamar yadda aka koya mana, ban cika wurin da surutu ba. Can sai ta zauna a bakin gado da zanin a cinyarta. Ta ce ba wankin ke damun ta ba. Kaka kullum kai take kira, tana ɓoye maka abinci a ƙarƙashin filo, ita kuwa da ke yi mata wanka ta ɗauke ta 'yar aiki, har takan ce ta gaida iyayenta idan ta koma gida. Ta ce ba ta jin haushinka ko kaɗan, ta kuma roƙe ni kada in gaya maka.

Na kai maganar gaban malamata, har da tunanin ko in yi bincikena a kan gidanmu. Ta hana ni. Ta ce ƙa'idar aikinmu ba ta yarda mutum ya duba nasa ba, kuma Umma ba ɗaliba take buƙata ba, 'ya take buƙata, da ɗan'uwa idan akwai. Bincikena zan yi shi da masu jinyar asibiti, da yardarsu. Umma kuwa na koma na shaida mata zan rubuto maka, don ba na son yin abu a bayan idonta. Ba ta ce to ba, amma ba ta sake hana ni ba.

Kawu, ka gafarce ni idan na wuce gona da iri. Maganin da kake aikowa yana isowa, Allah Ya saka da alheri. Roƙona shi ne idan ka kira, ka fara da yayarka, kuma kada ka yarda da amsar farko. Idan hutunka ya zo, ka zo ka zauna da Kaka, Umma ta samu ta yi barci ba da kunne ɗaya a buɗe ba. Sai dai ka shirya zuciyarka, wanda Kaka ke jira yaro ne mai kayan makaranta. Ƙila ta dube ka da furfurarka ta tambaye ka ko ka gan shi a hanya. Ka zo duk da haka.

Ka gaida mini Anti da kyau, da 'Yan Biyu, da Sarkin Rigima idan ya tsaya wuri ɗaya. Baba da Yaya suna gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka 'yarka,
Auta