Na Zaɓa wa Ɗan Goggona Fitilun da Suka Jawo Masa Baƙin Jini

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki sakaya sunana. Ku kuma masu karatu ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don na san akwai waɗanda layi biyu ke isarsu yanke hukunci.

Ni mai haɗa sola ne a Birnin Gwari, da ita nake ciyar da iyalina. Ina da ɗan goggo, bari in kira shi Yaya Bala, wanda ya yi shekaru a Abuja yana harkar filaye. Da abubuwa suka ɗan lafa a wajenmu sai ya dawo ya gina wa Goggo gida a bakin gari, inda in ka leƙa ta katanga gonaki za ka gani, bayan gonaki kuma daji. Mutum ne da sai ya kaɗe benci da hankici kafin ya zauna, alhali tare muka yi kiwon awaki da shi ba takalmi. In zai yi magana sai ya cusa Turancin da ko shi bai san kansa ba.

Ya kira ni a kan fitilun waje, ya buɗe waya yana nuna min hotuna a gaban abokansa. Akwai na kan katanga masu canza kala, manya irin na filin ƙwallo a kowace kusurwa, har da ƙanana da ake binnewa a ƙasa su haska bishiya. Darbejiya fa, Anti, ita za a haska sai ka ce amarya. Na ce masa, "Yaya, a nan ƙaramar fitila ake sawa mai kallon ƙasa, wadda ba ta kamawa sai mutum ya gifta." Ko ƙarasawa ban yi ba ya ce, "Kai ɗaura waya ka iya, ba tsarin gida ba. Me ka taɓa gani in ban da ƙwan fitila ɗaya a bakin shago? Yi abin da aka sa ka." Abokan suka kwashe da dariya.

Daga nan na ja bakina. Na tafi Kaduna na zaɓo masa mafi ƙarfin da ke kasuwa. Ya ce huɗu, na ce gida irin nasa sai shida, ya hau washe baki. Na ɗaga sandunan suka zarce katanga. Kuma na san abin da nake yi. Haske irin wannan yana kashe idon na cikin gida, ba ya ganin komai a bayansa, na cikin duhu kuwa yana ganin komai. Ranar da muka gwada su da magariba, da idona na ga hasken ya malala cikin gidan maƙwabcinsa, Baba Yohanna, wani dattijon manomi da ya baro ƙauyensu ta wajen Kakangi saboda rashin zaman lafiya. Shanunsa biyu na huɗa suna ɗaure a fili kamar da rana. Na gani, na naɗe wayoyina na tafi. So nake gari ya yi masa dariya, kuma an yi. 'Yan acaɓa har kwatance suke yi da "gidan biki".

Bayan kwanaki shugaban 'yan sintirin unguwar ya same ni a shago ya ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka ya rage wutar nan, daga gonaki ana hango kowane lungu namu." Na ce to. Ban gaya masa ba. Me ya sa? Na fi so a je a ci masa fuska a ƙofar gidansa, ina gefe ina kallo.

Ba a yi wata ba mutanen daji suka shigo. Ƙofar Yaya Bala ta ƙarfe ce, ba su ɓata lokaci a kanta ba. Gidan Baba Yohanna suka faɗa, suka kwance shanun, suka karya masa hannu da gindin bindiga, ga damina ta kama. Ba zan rantse cewa fitilun ne suka kawo su ba, amma wa zan yaudara?

A gaban mai unguwa shugaban sintiri ya ce ya aika saƙo ta hannuna. Aka juyo ana kallona. Na ce, "Sau biyu na gaya masa, ya ce ni ɗan ƙauye ne." Kowa ya yarda, don maganar ta yi kama da bakin Yaya Bala. Ya miƙe yana cewa, "Yaushe? Yaushe ka gaya min?" yana nuna dattawa da ɗan yatsa yana Turanci, ya ƙarasa kashe kansa da kansa.

Yanzu an cire fitilun, ni ne ma na cire su. Ba mai ba Yaya Bala hannu a masallaci. Goggo ta daina shiga suna da biki, ta kira ni ta dama min fura tana cewa, "Kai ne mai hankalin zuri'ar nan, ka riƙa haƙuri da shi." Yaya Bala ya ce zai sayi wasu shanun, Baba Yohanna ya ƙi, ya ce ba ya karɓar komai daga wanda aka gargaɗa ya toshe kunne. Gonarsa tana nan ba a huɗe ba. Da na je duba shi, ya dafa ni da hannun mai lafiyar ya ce, "Ɗana, kai ka yi naka."

Ba zan ɓoye muku ba, har gobe Yaya Bala ba ya burge ni, in na ga tafiyarsa raina ɓaci yake yi. Sai dai shi wawa ne kawai, ni kuwa na sani na yi shiru, sannan na ɗora ƙarya. Ranar Juma'a za a sake zama, wasu na cewa ya kwashe Goggo ya koma inda ya fito. In na buɗe baki, sana'ata da mutuncina sun tafi, kuma ban san da idon da zan kalli Goggo ba. In na yi shiru, tsohuwa za ta bar garin da aka haife ta, dattijo kuma ya rasa damina.

Jama'a, kwana uku suka rage min. Me zan yi?