Hoton Basiru daga Hawai

Daren Talata, 9 ga Safar, unguwar Hindawiyya, Makka

Alhamdu lillahi, ɗana Basiru yana raye. Kwana goma sha tara babu labarin jirgin ruwan da yake aiki a ciki, har abinci ya daina shiga mini. Yau bayan Magariba sai ga hotonsa a jawwal, wato wayar hannu, a bakin tashar jiragen ruwa ta Hawai. Ya tsaya kusa da mutum-mutumin wata mai rawa da furanni a wuyanta, ya ɗaga hannu yana kwaikwayonta.

Babansa ya ɓata rai. "Haifaffen Makka, ya rasa wurin tsayawa sai gindin gunki?"

Na tura wa Basiru maganar. Ya amsa da murya: "Ummi, ki gaya wa Baba ba bauta mata ake yi ba. An taɓa hana mutanen nan rawarsu da waƙoƙinsu, shi ne suka kafa ta don girmamawa."

Ni fuskarsa kawai nake kallo. Ya ɗan rame, amma dariyar tana nan. Baban ya ce halas, shi ke nan, a bar zancen. Ina kicin na jiyo shi yana sake kunna muryar, har sau uku.