Mu Mata Sha Ɗaya a Sansani

Sansanin daji,
6 ga Yuli

Mama Rumasa'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da jikoki da duk mutanen Durumi. Ni ce Prudence, ɗalibarki ta makarantar jinya. Babu sabis na waya a nan tun watan Mayu, shi ya sa na ba Nababa, direban motar abincinmu, wannan takarda. Duk bayan sati biyu yake shiga Abuja.

Mama, mu mata sha ɗaya ne cikin sojoji maza kusan ɗari uku, kuma ni kaɗai ce nas. Asibitin namu tanti ne mai gado biyu. Duk abin da ke cikin akwatin magani na rauni ne da zazzaɓi. Audugar mata ta ƙare tun wancan watan. Tsofaffin singileti muke yankawa, mu wanke, mu shanya cikin tanti don kar maza su gani, ga damina, ba sa bushewa.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Akwai wata ƙaramar soja, farabiti Linda, shekararta ashirin da shida. Kwana ashirin da uku ke nan tana zubar da jini guda-guda. Ba ta faɗa ba, ni na ga tana dafa buhunan yashi in za ta miƙe. Na ce me ya hana ki zuwa? Ta ce, "Sista, in na yi magana cewa za a yi ciki na zubar. Kin san bakin sansani." Na shafa mararta, na ji abu mai tauri kamar lemo. Na je wurin oga, kwamandanmu, ya ce, "Ciwon mata ne, ba ta farasitamol. Mota ta masu rauni ce." Likita kuwa sai ƙarshen wata, shi ma in hanya ta yi kyau.

Ki faɗa mini abin yi. Na gaji, kaina ya tsaya.

Taki 'yar,
Prudence


Durumi, Abuja,
10 ga Yuli

'Yata Prudence,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya tsare ku. Muna lafiya, sai gwiwa da ta ƙi ni tun da na yi ritaya.

Kanki bai tsaya ba, gajiya ce. Na ba Nababa kwali: audugar mata fakiti talatin, maganin ƙarin jini, da tsinken gwajin ciki. Matan unguwa ne suka haɗa, har da masu sayar da tumatir. Ki gwada ta tukuna, ke da ita kawai, ba don bakin mutane ba. In ciki ne a wajen mahaifa, ba ya jiran kowa. In babu, ina zaton ƙari ne a mahaifa, kuma sai hoto zai nuna. Ki ja fatar idonta ki duba. In ta yi fari, kar a ƙara sa ta gadi a tsaye.

Shi kuma ogan, daina gaya masa da baki. Rubuta masa, da kwanan wata, da bugun zuciyarta, ki ce ya sa hannu cewa ya gani. Shekara talatin da biyar na yi a asibiti, manya ba sa tsoron hawaye, biro suke tsoro.

Ki ci abinci.

Mamanki,
Rumasa'u


Sansanin daji,
21 ga Yuli

Mama,

Ina gaisuwa. Kwali ya iso, matan sun ce Allah ya saka. Har Saja Christina, da ba ta dariya, sai da ta rungume fakitinta.

Babu ciki. Na rubuta takarda yadda kika ce, ta kwana huɗu a kan teburin oga. Yau da safe a wurin fareti Linda ta yanke jiki ta faɗi, wandonta ya jiƙe har gwiwa, a gaban kowa. Abin da ta yi wata tana ɓoyewa ke nan. Da ta farfaɗo ba ta tambayi komai ba, sai ta ce, "Sun gani?" Na ce sun gani. Ta juya fuska.

Nan take oga ya sa hannu. Na sa mata ledar ƙarin ruwa ta ƙarshe da nake da ita, mun shimfiɗa mata katifa a bayan motar Nababa, tsakanin buhuna da babu komai ciki. Tafiyar awa tara ce. An hana ni raka ta, wai sansani ba zai zauna ba nas.

Ba ta da kowa a Abuja sai saurayinta Nicholas, makaniki ne a Apo, da Kirsimeti za su yi aure. Lambarsa na bayan takardar nan. Don Allah ki je ki duba ta.

Prudence


Durumi, Abuja,
3 ga Agusta

Prudence,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ko da yake yanzu na san ba kya lafiya. Zan zo kan wannan.

Linda tana raye. Sai da aka ƙara mata jini leda uku kafin a yi tiyata. Ƙari ne, babba, da ƙanana biyu. Likita ta yi ƙoƙari ta ceci mahaifar, jini ya ƙi tsayawa, dole aka cire. Ta ce da an kawo ta da sauran jini a jikinta, wataƙila da ba haka ba. Ban gaya wa Linda wannan ba.

Nicholas yana zuwa kullum da baƙin mai a hannunsa da kular farfesu. Da aka faɗa masa, ya fita ya daɗe a waje, sannan ya dawo ya ce da ita, "Sha kafin ya huce." Ban san abin da danginsa za su ce ba. Ita dai ba ta cika magana ba.

Amma jiya ta yi. Ta ce, "Mama, Sista ma ba ta da lafiya. Na ga tana riƙe mara in ta zata ba mai kallo, kuma tana ganin jini ba lokacinsa ba. Ta ce kar in faɗa."

Prudence, gaskiya ne? Tun yaushe? Ni na koyar da ke, kin san abin da nake tsoro. Ki biyo motar nan in kai ki a duba bakin mahaifarki. Ɗaki yana nan.

Mamanki,
Rumasa'u


Sansanin daji,
17 ga Agusta

Mama,

Ina gaishe ki. Gaskiya ne, wata huɗu ke nan.

Na nemi a turo wata nas ta canje ni, an ce sai Nuwamba. Cikin matan da suka rage, biyu suna shan magani a hannuna yanzu. Na koya wa Saja Christina awon jini da abin da za ta duba, ta rubuta a littafi. An ba ni kwana biyar daga talatin ga wata.

Ki karɓar mini katin asibiti. Kuma Mama, ki shiga ɗakin likita tare da ni, ina jin tsoro.

Taki,
Prudence