Gawar da ta tsaya a ƙofar ruwanmu

Talata, 11 ga Fabrairu, 2025

An tafi da mijina, Malam Datti. Gara in rubuta da in zauna ina jin mata suna ta "Allah ya kyauta" a tsakar gidana.

Yau ranar ruwanmu ce a kanal, ya fita bayan asuba zai buɗe wa albasa. A ƙofar ruwan, inda shara take taruwa, ya tarar da mutum a kife. Mark ne, mijin ƙawata Lai'atu, mai gonar da ke jikin tamu. Kowa a Bunkure ya san abin da ake yi idan gawa ta tsaya a ƙofarka: ka sa gora ka tura ta, kanal ya kai ta gaba, ta zama matsalar wasu. Ba a faɗa, amma haka ake yi tun ina yarinya. Shi kuwa mijina, sarkin tsoron Allah, ya shiga ruwa har ƙirji ya jawo shi, ya lulluɓe shi da rigarsa, sannan ya kira 'yan sanda da wayarsa. Suka ce ya biyo su ya ba da bayani. Har yanzu bayanin yake bayarwa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na kai abinci caji ofis. Wai akwai rauni a ƙeyar Mark. Malam ya ce simintin kanal ne, su suka ce shebur ne. Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya tambaye ni me ya sa duk manoman layin nan mijina kaɗai ya taɓa gawar in ba da wata a ƙasa ba. Na ajiye kwanon abincin na fito.

Sun kuma ji labarin cacar bakin makon jiya, da Mark ya toshe mana ruwa. Wa bai taɓa faɗa a kan ruwa ba a rani? Ni kaina na zagi Mark ranar, kuma da yamma tare muka turara shinkafa da matarsa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

An saka shi a rediyo, a shirin nan na masu laifi da kowa yake kunnawa bayan la'asar. Mai shirin ya ja murya ya ce ga manomin da ya salwantar da maƙwabcinsa saboda ruwan albasa. Sai muryar Malam: "Gaskiya ne, mun yi faɗa da shi a kan ruwa." Nan suka yanke, suka shiga tallan taki. Na san mijina, ba ya magana guntuwa, ina sauran? Rediyon maƙwabta nake ji ta katanga, ba wanda ya rage murya.

'Yarmu Ummulkhairi ta ce hotonsa yana wayoyi, an tsugunar da shi, shebur ɗinmu a gabansa. Shebur ɗin ma daga zaure suka ɗauka, a bushe.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kotu. Ko amsa tuhuma ba a ce ya yi ba. Majistare ta ce ba ta da hurumin shari'ar kisa, a kai shi gidan yari har lauyoyin gwamnati su duba fayil. Ba beli.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Matar Hammadu, mai gonar da ke sama da tamu, ta shigo karɓar rariya, ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce mijinta ya ga gawar a ƙofarsa tun kafin Malam ya fito, shi ya turo ta. Ke nan daga sama ta zo. Ko mayafi ban daidaita ba na je na same shi a majalisa. Ya rantse bai ga komai ba, ya ce in daina jawo masa masifa. Da na koma wajen matar, ita ma ta ce ba ta faɗa ba, mafarki na yi.

Matsorata. Ko da yake in ya faɗa, shi ma ciki zai kwana.

Asabar, 8 ga Maris

Na je ziyara da azumi a bakina. Ya rame, ƙuraje sun fito masa a wuya. Na yi niyyar lallashi, sai faɗa ya kufce mini. Na ce me ya hana shi yin abin da kowa yake yi?

Ya ce, "Rauda, da ni ne a ruwan, so kike a yi ta tura ni har Kura?"

Na yi kuka a adaidaita har gida. Haushinsa nake ji, kuma na san shi ke da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 20 ga Maris

Lai'atu ta tattara kayanta za ta koma garinsu a Filato. Ta zo har ƙofa, ta ƙi shigowa. Ta ce, "Maman Ummi, ki kalli idona ki ce ba shi ba ne." Na kalle ta na faɗa. Ta ce ita ma da haka ta ɗauka, amma ai a rediyo da bakinsa ya amsa. Ta bar mini tukunyar turara shinkafar da muka haɗa muka saya, ta ce ba ta son komai na garin nan.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Ban ɗora tuwo ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

An sake ɗage zaman kotu. Wancan karon babu motar kawo su, wannan karon fayil bai dawo ba. Takardar likita a kan raunin kuwa, wai an binne Mark ba wanda ya rubuta komai. Albasa ta lalace a gona. Masu kawo mini aikin shinkafa sun koma gidan wasu.

A rediyon nan an yi muhawara, wai kotuna na sakin masu kisa, 'yan sanda na kamawa a banza. Wani ya bugo waya ya kawo misali da "na Bunkure", ya ce irinsu shiru-shiru su ne abin tsoro. Na kashe, sai kuma na sake kunnawa. Ban san me ya sa nake sauraro kullum ba.

Talata, 22 ga Yuli

Ina tsintar shinkafa sai na tuna ranar nan bai tsaya shan koko ba ya fita. To, ranar ruwa ce, wa yake tsayawa? A'uzubillahi.

Laraba, 8 ga Oktoba

An sake shi. Majistare ta karanta cewa babu hujjar da za a ci gaba da tuhuma, ta sallame shi. Lauya ya ce sallama ce kawai, ba a yi shari'a ba balle a wanke shi. Na tambaya to wa ya kashe Mark, ko kuwa faɗawa ruwa ya yi? Ya ce ba aikin kotu ba ne yau.

Na zauna gaban rediyo har shirin ya ƙare. Ko sunansa ba su ambata ba, satar babur a Dawakin Kudu suka yi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

'Yan barka ba su cika tabarma ɗaya ba. A masallaci, in ji shi, an bar masa fili dama da hagu. Yana faɗa yana murmushi. Na soya masa ƙwai, na gode wa Allah, da gaske na gode.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ya ce in raka shi ya ga gona. Ruwa ya cika kanal, hanyar bakinsa ta mutum ɗaya ce, ga santsi. Da muka iso ya matsa gefe ya ce in wuce gaba, in na zame ya tare ni. Sai na sunkuya ina gyara silifas. Na daɗe ina gyarawa. Ya tsaya yana kallona, can ya juya ya shige gaba, na bi shi daga nesa.

Silifas ɗin dama ya kusa tsinkewa. Tun da muka dawo abincinsa yana nan a rufe.